Masu Kwashe Ɗanyen Mai Daga Teku

Ɗanyen mai bai kai ruwa nauyi ba, shi ya sa idan ya malala a teku yake tasowa sama ya bazu. Nan ne masu wannan sana'a ke samun kafar aiki, kuma sai da hanzari, don iska da igiyar ruwa ba sa jira.

Da killacewa ake farawa. Jirage biyu ne ke jan dogon shingen roba mai iyo, samansa a fili, gindinsa a nutse, har su tara man wuri guda. Sai a sa injin da ke yaɗe shi, kamar yadda uwargida ke yaɗe mai a kan miya, a juye a tanki. Inda ya taru da kauri akan cinna masa wuta, inda ya bazu kuma jirgin sama ke fesa masa sinadarin da ke farfasa shi. Wanda ya kai gaɓa kuwa, sai shebur da buhu da safar hannu. Abin da aka kwaso akan raba shi da ruwa, mai kyau ya nufi matata, sauran a binne.

A 2010, da rijiyar kamfanin BP ta fashe a Tekun Meziko, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Masuntan da aka hana su kamun kifi, su aka ɗauka aikin. A lokacin, jirgin masunci na samun dala 1,200 zuwa 3,000 a rana gwargwadon girmansa, ma'aikaci dala 200. Kuɗin da auki, amma ana cinsa cikin zafin rana da rigar leda, ga warin da ke sa ciwon kai da tari. Duk da wannan wahala, abin da injinan suka yaɗe bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, BP kuma ya kashe sama da dala biliyan 60.

Saboda haka rabin sana'ar na hannun masu duba bututu da bawul tun kafin a yi ɓarna. Bayan hatsarin jirgin Exxon Valdez a 1989, Amurka ta wajabta wa jiragen dakon mai jiki mai ruɓi biyu. Najeriya ma ta ɗanɗana: a Disamban 2011 kimanin ganga 40,000 suka zube a rijiyar Bonga. Hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai a Najeriya da kamfanonin mai su riƙa tuna wannan kashi 3 ɗin, domin rigakafi ya fi magani.