Wace Fitila Ce Ke Fito Da Kyan Murjani?

Da yawanmu mun san murjani ne a wuyan amare ko cikin adakar kakanninmu. Amma ko kun san cewa murjani dabba ce mai rai? Wasu ƙananan halittu ne da ke zaune cikin teku, dubbai a wuri guda, suna gina wa kansu gida mai tauri kamar dutse. Jan murjanin da ake yin tsakiya da shi daga Tekun Bahar Rum aka fi samo shi, kuma shi bai damu da haske ba. 'Yan uwansa masu gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa kuwa, irin na Bahar Maliya da gaɓar Ostareliya, in babu haske babu su.

A Amurka da Turai da Japan akwai masu kiwon irin wannan murjani a gida, cikin tankin gilashi mai ruwan gishiri. Babbar muhawararsu ita ce wace fitila za a rataya a kan tankin. Mun kawo muku ita yau domin darussan bayoloji da fiziks ne suka haɗu wuri ɗaya.

Haske shi ne abinci

A cikin naman murjani akwai wata gansakuka ƙanƙanuwa da ido ba ya gani. Ita ce ke haɗa abinci da haske kamar yadda ganye ke yi, ta ba murjani kaso mafi tsoka, shi kuma ya ba ta masauki. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan. Don haka fitilar tanki ba ado ba ce kawai, ita ce ranar da murjani ke ci da ita.

Sai dai ba kowane launi ne ke kai wa ƙasan ruwa ba. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗi kuma ya nutsa can ƙasa. Shi ya sa murjani ya saba da shuɗin haske. Ƙari a kan haka, jikinsa na da wasu sinadarai da ke karɓar shuɗi su mayar da shi kore ko ruwan lemo ko ja. Wannan walƙiya ce masu kiwo ke nema.

Fitilu uku a kan sikeli

Ta farko ita ce metal halaid, dangin manyan fitilun da aka daɗe ana haska filayen ƙwallo da su. Haskenta na da ƙarfi, yana ratsa tanki mai zurfi, yana kuma rawa a ƙasan ruwa kamar na rana. Aibinta shi ne cin wuta da zafi. Ƙwai ɗaya mai wat 250, in ya yi awa 10 a kunne, ya ci yunit 2.5, wato yunit 75 a kwana 30. Murjani kuwa yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka sau da yawa sai an ƙara da na'urar sanyaya ruwa. Ƙwan ma kusan duk shekara ake sauya shi.

Ta biyu ita ce T5, siririn dogon ƙwai irin wanda muke gani a azuzuwa da ofisoshi. Ana jera huɗu ko shida ko takwas, a gauraya masu shuɗi da masu fari. Haskenta yana bazuwa daidai wa daida, ba ya barin inuwa a ƙarƙashin rassan murjani. Amma ƙarfinta yana raguwa a hankali ba tare da ido ya lura ba, ita ma sai an sabunta ta wajen shekara guda.

Ta uku ita ce LED, irin ƙananan ƙwayayen da ke cikin tocila da wayoyinmu. Ba ta cin wuta sosai, ba ta dafa ruwa, kuma tana yin shekaru. Ana iya saita ta ta waya: a ƙara shuɗi, a rage fari, a kwaikwayi fitowar rana da faɗuwarta. Matsalarta tsada a sayen farko, sannan takan tattara haske wuri ɗaya ta bar gefe cikin inuwa. Wannan ne ya sa wasu ke haɗa ta da T5, kowace ta rufe giɓin 'yar uwarta.

Ido ba mudu ba

To wace ce ta yi nasara? Amsar tana ga irin murjanin da ke cikin tanki. Masu kiwo ba sa dogara da ido, suna amfani da na'urar da ke auna hasken da gansakuka ke iya amfani da shi, ma'aunin da ake kira PAR. Murjani mai laushi kan wadatu da kimanin 50 zuwa 150, mai rassa irin Akurofora kuma yakan buƙaci wajen 200 zuwa 400. In haske ya yi kaɗan, gansakuka ta yawaita, murjani ya koma ruwan ƙasa. In ya yi yawa farat ɗaya, murjani ya kori gansakukarsa, ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Shi ya sa mai sabuwar fitila ke fara ta da rauni, ya riƙa ƙarawa cikin makonni.

Wannan farin da ke faruwa a tanki shi ne ke faruwa a teku idan ruwa ya yi zafi. A 2016 da 2017 ya afka wa babban tsaunin murjani na Ostareliya, aka yi asara mai yawa. Abin damuwa ne, domin tsaunukan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku a nan suke rayuwa.

A nan ne ilmin fitila ya wuce sha'awa. A 2013, a gidan tarihi na Horniman da ke Landan, Jamie Craggs da abokan aikinsa sun kwaikwayi tsawon yini da hasken wata da sauyin zafin ruwa a cikin tanki, har murjani ya saki ƙwayayensa kamar yana teku. A 2019 masana a Fulorida sun yi irin haka da wani nau'in murjanin Tekun Atilantika da ke neman ƙarewa.

Ga aikin wannan mako: idan fitilar LED mai wat 90 tana aiki awa 10 kullum, yunit nawa za ta ci a kwana 30? Nawa ne bambancinta da metal halaid ɗin da muka lissafa? Ku gwada, ku nuna wa malamin fiziks.