Motar Gina Ta Ƙi Motsi: Kada A Haɗe Waya

Manoma da makiyayan Dakoro, mai yashe tabki da ƙaramar motar gina ya kula. A hagun direba akwai sandar tsaro. In tana sama, hannun motar ba ya motsi.

Wani lokaci akan sauke sandar, hannun ya ƙi tashi. Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe maɓallin da ke gindinta. A ajiye cokalin ginar ƙasa, a kashe injin. A share ƙurar, a duba fiyus da wayoyi. In abin ya faskara, a kira makaniki.

Kada a haɗe wayoyin don gaggawa. In an haɗe, rigar direba kaɗai na iya jan sandar aiki, cokalin ya bugi yaro mai kallo. Rigakafi ya fi magani.