Ruwa-ruwa da Nisan Gida

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Takeita, ta ratsa Matamaye ta nufi Ɗan Barto da Kwangwalam, ba zai rasa ganin kwalaben fetur jere bisa tebur a bakin kwalta ba, rana tana haska su tamkar zuma, yaro yana riƙe da mazurari yana jiran ɗan kabu-kabu. Wannan shi ne ruwa-ruwa, wanda shekara da shekaru arharsa ba daga Yamai take zuwa ba, daga baitulmalin Najeriya take, domin a wancan lokaci hukumar can tana biyan tallafi saboda talakawanta, mu kuwa muna ci albarkacin maƙwabtaka.

Sannu a hankali arhar nan ta sake mana al'ada, har babur ya karɓe aikin jaki, mai neman fili ya daina tsoron bayan gari, tunda a lissafinsa kwalba guda ta isa ta kai shi kasuwa ta komo da shi. Ai kuwa abin da ya auku a Amurka ke nan, sai dai nasu ya fi girma: harajin gwamnatin tarayya bisa galan ɗin fetur bai gusa daga santi 18.4 ba tun 1993, jama'a suka watsu cikin unguwanni masu nisa inda ko burodi ba ya sayuwa sai da mota. A Faransa, inda haraji ya yi nauyi, mazauna karkara da gefen birane ne suka fito zanga-zanga a Nuwamban 2018 da aka ƙudurta ƙara shi, domin wanda ya riga ya gina nesa ba shi da makawa.

Mu namu hisabin ya zo ranar 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Shugaba Tinubu na Najeriya ya shelanta janye tallafi, kwalba ta yi tsada, jama'a suka koma gidajen mai. Ko da yake matatar SORAZ tana aiki a arewacin Damagaram tun 2011, hukumarmu kuma ta sauko da lita daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024, wato kusan dala ɗari a ƙirgenmu na gida, ganga 20,000 a yini ita ce iyakar ƙarfin matatar, sai ga dogayen layuka a Maris 2025.

Saboda haka, mai karatu, in za ka sayi fili, kafin ka tambayi kuɗinsa, auna tazararsa da kasuwa da makaranta da asibiti, ka auna ta da ƙafa.