Me Ya Sa Taya Ke Gogar Jikin Mota, Kuma Mene Ne Maganinsa?

 A filinmu na kimiyya da sana’a na wannan mako za mu duba wata matsala da muke gani kullum a titunan cikin birni. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa da yamma zai ga motocin samari waɗanda aka saukar ƙasa-ƙasa, aka sa musu manyan wili masu ƙyalli. Da zarar motar ta hau tudun rage gudu ko ta sha kwana, sai a ji wata ƙara kamar ana kankare tukunya. Taya ce ke gogar jikin motar. Wasu na ɗaukar abin wasa, alhali yana iya kai wa ga asarar rai.

Kowace mota kamfani ya bar mata fili tsakanin taya da ƙarfen da ya rufe ta, wato madigadi. Cikin wannan fili ne taya ke hawa da sauka idan an faɗa rami, cikinsa take juyawa idan an murɗa sitiyari. Mai saukar da mota ya rage filin daga sama, mai sa babban wili kuma ya cinye shi daga ƙasa da gefe. Idan aka haɗa biyun, dole a yi karo.

Ga inda darasin lissafi zai yi mana rana. A jikin kowace taya akwai lamba irin wannan: 205/55 R16. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu tana nufin tsayin gefen taya kashi 55 cikin 100 na faɗin ne, wato kusan milimita 113. Ta uku girman wili ne da inci, kuma inci 16 daidai yake da milimita 406. Idan muka haɗa gefen sama da na ƙasa da wili, tsayin tayar baki ɗaya ya kama milimita 632.

To, a ce mai mota ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo wili mai inci 18. Idan ya ɗora masa taya 225/40 R18, tsayinta milimita 637 ne, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma idan ya ɗora 235/50 R18 don ita ya samu da araha, tsayin ya zama milimita 692. Ke nan taya ta ƙara matsawa sama da milimita 30, ta kuma ƙara faɗi da milimita 30. Ƙa’idar da masu sana’ar ke bi ita ce kada sabon tsayin ya bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin 100. Akwai kuma wata illar: agogon gudu zai riƙa yi wa direba ƙarya, yana nuna 100 alhali motar na gudun kusan kilomita 110 a awa.

Abu na biyu shi ne mazaunin wili. A bayan wili ana buga haruffan ET da lamba, misali ET45. Lambar na nuna yadda wilin zai zauna, ciki ko waje. Ƙaramar lamba na turo taya waje ta daki bakin madigadi, babbar lamba kuma na tura ta ciki ta gogi shokozoba ko tiyon birki. Abu na uku shi ne sifirin da shokozoba. Wasu na yanke sifirin don motar ta sauka, wasu kuma nasu ya gaji ne kawai saboda tsufa da lodi. Shi ya sa ko motar haya da ba a yi wa ado ba takan gogi taya idan an danƙara mata buhuna, haka ma motocin ɗaukar amarya idan an cika su maƙil.

Kafin a kashe ko sisi, a fara gano inda ake gugar. Allin da muke rubutu da shi a aji ya isa. A shafa shi a bakin madigadi da robar da ke cikinsa, a zaga da motar, a sha kwana hagu da dama, a hau tudu a hankali. Inda allin ya goge, nan ne matsalar. Idan ƙarar na zuwa ne lokacin murɗa sitiyari har ƙarshe, galibi tayar gaba ce ke taɓa robar ciki. Idan kuwa sai an hau tudu ko an ɗauki mutane a baya, to bakin madigadi ne ke cin gefen taya.

Gyaran kuma a fara da mai sauƙi. Na farko, a duba ko robar ciki ce ta saki, a ɗaure ta. Na biyu, a canza taya zuwa wadda tsayinta ya yi daidai da na asali. Lambar asalin tana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Na uku, idan mazaunin wilin ne bai dace ba, a musanya shi. Na huɗu, a cire yankakken sifirin a sa lafiyayye, a sake shokozoba idan ta mutu, ko da motar za ta ɗan ɗaga. Na biyar, mai gyaran jikin mota zai iya lanƙwasa bakin madigadi ciki, amma ya ɗumama fentin tukuna don kada ya tsage. Bayan duk wani aiki a ƙafar mota, a kai ta a daidaita saitin tayoyi.

Me ya sa muka damu? Gefen taya ya fi ko’ina rauni, kuma mai faci na ƙwarai zai faɗa maka ba a yi wa gefe faci mai ɗorewa. Ƙarfe na yankarsa kaɗan-kaɗan har zaren ciki ya bayyana. A zafin Afrilu, lokacin da ma’aunin zafi a Kano ke kaiwa digiri 40, irin wannan taya na iya fashewa ana tsaka da gudu a hanyar Zariya ko Wudil. Ba banza ba Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke yawan jan kunnen direbobi kan lafiyar taya.

Saboda haka ga aikin gida: kowa ya karanta lambar tayar motar gidansu ko ta maƙwabci, ya lissafa tsayinta, ya kwatanta da lambar da ke jikin ƙofa. Wanda ya ga gefen taya ya yi zane ko ya yi santsi, ya sanar da mai motar cikin ladabi. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, amin.