ME YA SA AZOLLA TAKE TSAYAWA CAK IDAN TA CIKA RAMI?

Tsadar abinci ta sa da yawanmu mun rungumi azolla, tunda idan aka busar da ita furotin ɗinta kan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Amma ƙorafin da ake yawan yi shi ne: makon farko ta rufe ruwa, daga nan sai ta tsaya, wani lokacin har ta koma ja.

Ga abin da ke faruwa. Azolla tana da hanya biyu ta haihuwa. Ta farko, reshe ya ɓalle ya zama sabuwar shuka, kamar yadda kainuwa ke miƙa 'ya'ya a gefenta. Idan akwai fili, inuwa daidai da taki, takan ninka kanta cikin kwana 3 zuwa 5. Ta biyu, ta haɗa wasu 'yan ƙwayoyi a ƙarƙashin ganye, na namiji da na mace. Ba ta fure, waɗannan ƙwayoyin su ne irinta, kuma suna iya jure wahalar da uwar ba za ta jure ba.

To, ƙarfin da take samu daga rana da ruwa guda ne, dole ta raba shi. Idan ta yi cunkoso ta hau kan juna, tsiro sai ya ja baya, wasu nau'o'in kuma su karkata ga yin iri. Kai kuma ganye kake nema, ba iri ba.

Abin yi:
• Riƙa kwashe wani kaso kullum ko bayan kwana biyu, ka bar mata wurin yaɗuwa.
• Nitrojin tana samu daga iska, fosfaras take buƙata. Ɗan kashin shanu ko takin sufa ya wadatar.
• Yi mata rumfa. Zafin da ya haura digiri 35 yana kassara ta.

Sai a kula: duk azollar raminka jikin uwa ɗaya ce, abin da ya kashe ɗaya zai iya kashe duka. Ka ajiye kaɗan a wani baho daban cikin inuwa, musamman a watan Maris da Afrilu.

Kuma ƙari ce a kan abinci, ba madadinsa ba. Karfasa ta fi tarwaɗa cin ta.

Kai fa, kwana nawa taka take yi kafin ta cika rami?