Ɓarawo da Alƙali a Ƙasar Badarawa a Farkon Zamanin Turawa

Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a shekarar 1903, ba su rushe shari'ar alƙalai ba. A Ƙauran Namoda da Zurmi da ƙasar Badarawa, talakan da aka sace wa saniya ya ci gaba da kai kukansa inda ubansa ya saba kaiwa, watau wurin dagaci ko hakimi, daga nan a tura shi gaban alƙali. Abin da ya sake shi ne horon.

Gwamna Lugga ya hana yanke hannu, aka musanya shi da ɗauri. Bulala ta saura, amma da iyaka. Shari'ar rai kuwa sai a Sakkwato, kuma ba a kashe mutum sai Turawa sun amince. Razdan yana da ikon duba littafin alƙali, ya rage hukunci ko ya soke shi.

Amma a lura, ko dā ma haddin sata ba ya tabbata sai kaya sun kai nisabi, an kuma sami shaidu biyu adilai ko iƙirarin ɓarawo. Wanda laifinsa bai kai nan ba, galibi ya sha bulala, ya biya, ya koma gonarsa. Ɗauri kuwa ya kan cinye damina ɗungum: mai gida yana can yana sharar hanya ƙarƙashin dogari, ciyawa ta kashe gero, iyali su shiga rani rumbu wayam. Ta haka horon mutum guda ya koma kan gida duka.