Gidan Da Babu Kowa A Tsallaken Iyaka: Kwaɗo Kaɗai Ba Ya Hana Ɓarawo

Daga Wakilinmu a Figil

Duk wanda ya san harkar fatauci tsakanin Garwa, Figil, Gidar da Mubi ya san cewa da wuya ka sami babban ɗan kasuwar da ba shi da masauki a ɗaya ɓangaren iyaka. Mutumin Figil kan gina gida a Mubi ko Yola domin ya riƙa sauka idan ya je sari, iyalinsa kuma su je su yi hutun Sallah ko na makaranta tare da dangi. Haka nan mutumin Mubi ko Kano kan mallaki ɗan gida a Garwa ko a nan Figil, garin da ke kan babbar hanyar Garwa zuwa Marwa, kimanin kilomita 90 daga Garwa, inda kuma hanyar Lere ta ƙasar Chadi ta ɓalle. Irin waɗannan gidaje sukan yi wata goma a rufe cikin shekara, ba a jin motsin kowa a ciki sai na ƙadangaru.

Wani kawuna mai sayar da atamfa da yadi yana daga cikin masu irin wannan gida. Mazaunin Figil ne, amma ya gina gida mai ɗaki huɗu a bayan garin Mubi. A tsakiyar shekarar 2019 ya kulle gidan da niyyar komawa bayan mako uku, sai al'amura suka sauya, bai sake taka ƙofar gidan ba sai a 2021, ni kuma na raka shi. Da muka isa, mun tarar da babban kwaɗon da ya saya da tsada yana nan daram a ƙofar gida, har Kawu ya yi hamdala. Buɗe ƙofar ke da wuya sai muka ga hasken rana yana shigowa falo ta sama. An haura ta katangar baya, an ɗaye kwanon rufi biyu, an fasa silin, an zare wayoyin lantarki kaf daga bango. Babu janareta, babu batiran sola, babu injin jawo ruwa, har ƙyauren banɗaki an cire. Abin da ɓarayi suka bari kuwa, ruwan damina biyu da gara sun ƙarasa shi.

Na ce masa, "Kawu, ina mai gadin?" Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce albashin mai gadin wani direba ne ke kai masa duk wata, da mota ta daina zuwa kuɗi ya daina zuwa, shi ma mai gadin ya kama gabansa. Maƙwabcin da ke jikin katanga ya shaida mana cewa ya sha jin motsi da dare, amma lambar Kawu ta Kamaru ce, ba ta shiga a wayarsa, kuma tun da aka gina gidan Kawu bai taɓa shiga zaurensa sun gaisa ba. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Tafiyar mako uku da ta zama shekara biyu

Bambancin gidan da ke garinku da wanda ke wata ƙasa shi ne, ba kai kaɗai ke da ikon cewa gobe za ka je ba. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Fabrairun 2014 sojojin Najeriya sun rufe iyakar Jihar Adamawa da Kamaru saboda rikicin Boko Haram. A watan Agustan wannan shekarar kuma Kamaru ta rufe tata iyakar da Najeriya saboda cutar Ebola. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, fataucin kaya ya tsaya cik. Ana cikin haka cutar korona ta ɓulla, Kamaru ta rufe dukkan iyakokinta a watan Maris na 2020. Da Najeriya ta sassauta a watan Disamban 2020, ƙofofi huɗu ta fara buɗewa, wato Seme, Illela, Maigatari da Mfum, babu ko ɗaya a Adamawa.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a ƙarshen watan Oktoban 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka ƙwace garin Mubi. Dubban mutane sun tsere, wasu zuwa Yola, wasu kuma suka keto daji da duwatsu zuwa Kamaru da abin da ke jikinsu kawai. An ƙwato garin a watan Nuwamba, amma da jama'a suka fara komawa, da yawa sun tarar an fasa gidajensu da shagunansu an kwashe kaya. A wancan lokaci gari guda ne ya zama gidan da babu kowa, kuma babu kwaɗon da ya yi wa mai shi rana.

Su wa ke fasa gidajen?

A shekarun 1990 zuwa na 2000, abin da ke hana fataken arewacin Kamaru barci shi ne 'yan fashin hanya da ake kira zargina, waɗanda suka sa gwamnati ta kafa rundunar BIR a 2001. Sai dai mai fasa rufaffen gida ba ya buƙatar bindiga. Guduma, sukundireba da haƙuri sun ishe shi, domin ya san babu mai katse masa aiki. Yakan yi ta ɗiba kaɗan-kaɗan, yau famfo, jibi taga, har gida ya koma kango.

Rufaffen gida da kansa yake tallan kansa. Ciyawa ta cika ƙofar gida, kwaɗo ya yi tsatsa, ƙwan lantarki na waje ko dai a kashe kullum ko a kunne dare da rana, babu ruwan wanke-wanke da ke fita ta rariya, babu sawun mota ko na babur. Bugu da ƙari, mu kanmu muna taimakawa. Mutum zai zauna a tasha ko a teburin mai shayi yana sanar da jama'a cewa sai bayan Babbar Sallah zai dawo, ko kuma yara su sa hotunan tafiya a Facebook da WhatsApp. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sannan da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya san ɗakin da aka ajiye batira, ya san inda katanga ta fi gajarta, galibi ya taɓa shiga gidan: ko lebura ne lokacin gini, ko yaron gida da aka sallama, ko abokin mai gadi da ke zuwa hira. Kayan da ake nema kuwa su ne masu saurin shiga kasuwa, kamar wayar tagulla, faifan sola, batir, janareta da ƙarafunan da 'yan gwangwan ke saye a kan sikeli. A garin kan iyaka, abin da aka sace da tsakar dare yana iya wayar gari a wata ƙasa, inda takardar ƙarar da ka shigar ba ta da wani ƙarfi.

Akwai kuma haɗarin da ya fi sata. Gidan da babu kowa yakan zama matattarar 'yan shaye-shaye, ko wurin ɓoye jarkokin man fetur na sumoga da ake kira zuwa-zuwa, ko ma abin da ya fi haka. Ran da gobara ta tashi ko jami'an tsaro suka kai samame, ba za a tambayi wanda ya haura katanga ba, sunan mai gida za a fara nema, kuma baƙo a ƙasar wasu ya san wahalar wanke kansa.

Ɓarawon da ke zuwa da takarda

Wanda ya cire maka taga ya bar maka gida. Akwai wanda gidan gaba ɗaya yake ɗauka. An sha jin labarin wanda aka bar wa amana ya zuba 'yan haya yana karɓar kuɗi, ko ya jinginar da gidan, ko ya sayar wa mutum biyu. Abin da ke ba shi dama shi ne yawancinmu ba mu da takardar da kotu za ta karɓa, sai 'yar takardar ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin jauro ko mai unguwa.

A Kamaru, bisa dokar filaye ta 1974 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta a 1976, takardar da ake kira titir fonsiye ita ce cikakkiyar shaidar mallaka, kuma cinikin filin da ke da wannan takarda sai a gaban notar yake inganta. Dokar ta yarda baƙo ya sayi gida ko ya yi hayar fili da amincewar ministan filaye, amma ta cire yankunan kan iyaka. A Najeriya kuma, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, shi ke ba da takardar shaidar mallaka.

Saboda waɗannan sharuɗɗa ne wasu ke rubuta gida da sunan aboki, suruki ko kamfani. Masu yin haka su tuna da shari'ar Gerhard Huebner, Bajamushen da ya yi ginin shaƙatawa a kan dutsen Kajuru a Jihar Kaduna, wanda ya sayi filin da sunan kamfanin da yake wa aiki domin shi baƙo ne. Da rigima ta tashi, an yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, wadda a 2017 ta yanke hukuncin da bai yi masa daɗi ba. Idan mai lauyoyi ya sha ƙasa, ina ga mai takardar da aka rubuta a gindin bishiya?

Abin da doka da Shari'a suka ce

Kundin hukunta laifuka na Kamaru, sashe na 318, ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar faran sefa 100,000 zuwa miliyan ɗaya ga sata, cin amana ko zamba. Sashe na 320 ya ninka hukuncin idan an yi satar ta hanyar fasa ƙofa, haura katanga ko amfani da makullin jabu. Mai sayen kayan sata ma doka ba ta ƙyale shi ba. Sai dai doka ba ta aiki da babu. Jandarma zai tambaye ka ranar da aka yi satar, da rasiɗin janareta, da lambar da ke jikinsa. Wanda ya yi wata takwas bai leƙa gidansa ba, ba shi da amsar ko ɗaya.

Ta fuskar addini kuma, malaman fiƙihun Malikiyya sun bayyana cewa wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai idan ya yi sakaci ko ya taɓa abin da ba a ba shi izini ba. Ke nan wanda ya miƙa makulli ga ɗan uwa ba tare da lissafin kayan da ke ciki ba, kuma ba shaidu, ya shirya wa kansa asara biyu, ta dukiya da ta zumunci.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A Faransa, tun 1974 akwai tsarin da mai tafiya hutu kan je ofishin 'yan sanda ko na jandarma ya rubuta ranar tafiyarsa da ta dawowarsa, su kuma su riƙa zagayawa ta gidan kyauta. A Ingila, kamfanonin inshora da dama kan janye alhakin sata idan gida ya wuce kwana 30 ko 60 babu kowa a ciki. Wato su ma da kyamarori da ƙararrawarsu sun yarda cewa babu abin da ya kai ƙafar mutum tsare gida. Mu kuwa muna da abin da ya fi nasu sauƙi: jauro, lawan, mai unguwa, limamin masallaci da maƙwabci.

Kafin ka juya makulli

Abu na farko, a sa mutum a gidan. Malamin makaranta, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ko sabon ango mai neman ɗaki, a ba shi ɓangare guda ko da a rabin kuɗin haya ne, amma a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa, a faɗi cewa zaman aro ne ko na haya, kada gobe ya ce kyauta aka ba shi.

Na biyu, haƙƙin mai gadi kada ya rataya a wuyan direba. A bar kuɗin wata uku ko shida a hannun wani amintaccen ɗan kasuwa na garin, ko a riƙa turawa ta waya a kan lokaci. Mai gadin da ke kwana da yunwa a gaban kayan miliyoyi, an ɗora masa jarrabawar da ba kowa ke cinye ta ba. Kuma wanda ke duba mai gadi ya zama daban da wanda ya kawo shi.

Na uku, a shiga gidajen maƙwabta a gaisa, a yi musu tsaraba, a halarci suna da jana'izarsu idan ana gari. A bar musu lambar waya ta ƙasashen biyu da ta wani ɗan uwa. A Kamaru ana kiran 'yan sanda a 117, jandarma a 113, amma maƙwabcin da bai san ka ba ba zai tashi cikin dare saboda kai ba.

Na huɗu, kada gida ya zama sito. Batira, janareta da injin ruwa a kai su ajiya inda akwai mutane. Kuɗi, gwal da takardun fili kada su kwana a can ko da dare ɗaya ne. A ɗauki hoton kowane ɗaki da lambobin kaya, a adana rasiɗai. A sa a nome ciyawa, a duba rufi kafin damina, a kashe lantarki daga mita.

Na biyar, a nemi lauya ko notar na ƙasar da gidan yake, a ji matsayin takardar da ke hannu tun mai sayarwa da shaidu suna raye.

Shi dai Kawu ya gyara gidansa, kuma kuɗin gyaran ya kusa rabin abin da ya kashe wajen gini. Yanzu wani malamin firamare ne da iyalinsa ke zaune a ɗakuna biyu na gaba, kuma duk zuwan da Kawu zai yi, zauren maƙwabcin nan yake fara sauke buhun shinkafa kafin ya shiga nasa gidan. Tsohon kwaɗon yana nan rataye a shagonsa na Figil, yana nuna wa duk abokin cinikin da ya ce masa zai yi gini a tsallake.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya haɗa mu da maƙwabta nagari, amin.